Yadda ake aiki da amoniya a tallajar abinci ba tare da ta cutar da kai ba

Wanda ya fara shiga babbar tallaja, wato rumbun sanyin ajiye abinci, a Jidda, sanyi ne ke fara ba shi tsoro. A waje ana digiri 40 da ɗoriya, yana tura ƙofa sai ya faɗa ɗakin da ke digiri 18 ko 20 ƙasa da sifili, kwalayen kajin Burazil jibge har kusa da rufi. Kwana uku ya saba. Abin da bai gani ba, kuma ba kowa ke zaunar da shi ya faɗa masa ba, shi ne abin da ke yawo cikin bututan da ke saman kansa.

Manyan rumbunan sanyi da yawa, irin waɗanda ke cike da unguwar Khumra a kudancin Jidda, da amoniya suke sanyaya kaya. Larabawa na ce mata nushadir, a jikin inji kuma za ka ga an rubuta R-717 ko NH3. Tun shekarun 1870 Bajamushe Carl von Linde ya ƙera injin sanyi mai aiki da ita, kuma har yau ba a bar ta ba, don tana da araha, tana ɗaukar zafi sosai, ba ta kuma ɓata sararin samaniya kamar iskar firjin da aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987 don a daina. Na daɗe ina wannan aiki, daga ɗaukar kwali har na koma ɓangaren injina, kuma 'yan'uwanmu Hausawa da ke lodi, da tuƙa fokilif (motar ɗaga kaya), da shara, da gadin dare, su ne na fi tunawa da su a wannan rubutu. Idan bututu ya fashe, ba muhandis, wato injiniya, ne ke ƙarƙashinsa ba.

Mataki na farko: ka san halinta

Amoniya tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili. Sirrin sanyin ke nan. Kwamfuresa na matse ta, a huce ta a kan rufi ta zama ruwa, a turo ta cikin bututu zuwa ɗakin kaya, a nan ta tafasa ta zuƙe zafin ɗakin, ta koma tururi, ta sake komawa wurin kwamfuresa. Muddin tana cikin ƙarfe, babu ruwanta da kai. Amma a matse take. A zafin digiri 40 matsinta ya haura bar 15, wato kusan ninki 15 na matsin iskar da muke shaƙa, kuma lita ɗaya ta ruwanta in ta samu hanya, tana zama tururi wajen lita 850.

Warinta zarni ne, irin na bayan gidan tasha da aka daɗe ba a wanke ba, sai dai ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. Ana auna ta da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan na iskar wurin. Hanci na jin ta tun wajen 5. A 25 ne masana lafiyar ma'aikata suka ja layi ga mai wuni a wurin, 35 kuma na minti 15 ne kacal. Da ta kai 300, an shiga matakin da rai ke cikin haɗari nan take. In ta kai dubbai, numfashi kaɗan ya isa ya rufe maƙogwaro.

Ga dalili. Amoniya mayyar ruwa ce. Duk inda ta samu laima sai ta narke a ciki ta zama abu mai cin nama, ɗan'uwan sodar da ake sabulu da ita. To ina laima a jikin mutum? Ido, hanci, maƙogwaro, huhu, hammata, matsematsi, da duk inda gumi ya jiƙa. Mai lodi a Jidda kuwa ba ya rabuwa da gumi. Ruwanta kuma in ya fallatso maka, ƙuna biyu ce a haɗe, ta sanyi da ta sinadari.

Akwai abu biyu da ake yawan kuskurewa. Za ka ji an ce amoniya ta fi iska rashin nauyi, sama take yi. Gaskiya ne ga busasshen tururi. Amma in ruwanta ne ya fashe, farin hazo ne mai sanyi yake fitowa, yana bin ƙasa kamar hazon hunturu a Kano, yana shiga lunguna da ƙarƙashin tireloli. Na biyu, ana cewa ba ta kama wuta. A fili da wuya ta kama, amma a rufaffen ɗaki in ta kai kashi 15 zuwa 28 cikin 100 na iska, tartsatsi ɗaya ya isa, musamman in ta gauraya da man inji.

Mataki na biyu: kada ka saba da warin

Wannan ne na fi so ka riƙe. Amoniya ba ta zuwa a ɓoye, tana sallama tun daga nesa. Matsalar ita ce hanci yana gajiya. Wanda ke wuni inda ake ɗan jin zarnin, bayan wani lokaci ba ya jin sa, sai baƙo ya shigo yana toshe hanci, tsofaffin ma'aikata na masa dariya wai sabon shiga ne. Sabo turken wawa. A wurin da komai ke daidai, ɗakin kaya bai kamata ya yi wari ba ko kaɗan. Ko a ɗakin injina, warin da ya wuni ya kwana yoyo ne, kuma yoyo ba ya toshe kansa.

Saboda haka in ka ji, ka faɗa. Ka gaya wa mushrif, wato mai kula da ma'aikata, ka ce a wuri kaza, da ƙarfe kaza. Na san abin da ke hana mutanenmu magana: wani iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ta kusa ƙarewa, wani ba ya son kafili, ubangidan da zamansa ke hannunsa, ya ɗauke shi mai yawan ƙorafi, wani Larabcinsa bai nuna ba. Kalma biyu sun isa: riha nushadir, wato warin amoniya. Ka nuna wurin da yatsa.

Bakanike shi zai nemo bakin yoyon. Yana da na'urar hannu mai nuna lamba, akwai takardar gwaji da ake jiƙawa ta sauya launi, akwai kuma tsohuwar dabarar kunna sandar farar wuta, wadda hayaƙinta ke zama fari fat in ya haɗu da amoniya. Wannan ta ƙarshe ta ƙaramin yoyo ce a wuri mai iska, ba a shiga da wuta inda wari ya yi ƙarfi.

Su ma na'urorin da ke manne a bango suna gajiya. Ƙa'idar IIAR, ƙungiyar masu aikin sanyi da amoniya da ke Amurka, wadda kamfanoni da dama ke bi, ta ce ƙararrawa ta tashi a 25, manyan fankokin gaggawa na ɗakin injina su kama da kansu a 150. To amma na'urar da ba a gwada ta da iskar gwaji a kan lokacin da maƙerinta ya ce, ado ce kawai. Na taɓa aiki a wani wuri inda ƙararrawar wani ɗaki ke damun mutane da kuka, sai wani ya zare mata waya, aka huta. Bayan makonni aka gano ba ƙarya take yi ba, wani bawul ne ke tsiyaya a bayan fankar sanyi. Allah Ya tsare, amma ba dabararmu ba ce.

Mataki na uku: ka zaga wurin da ƙafarka tun ranar farko

Kafin ka ɗauki kwali ɗaya, ka san ƙofofin fita, aƙalla biyu daga duk inda kake aiki. Ka taɓa su, ka tura ka ga suna buɗewa. Kowane ɗakin sanyi yana da abin buɗewa daga ciki, ka gwada shi da safar hannu, don ƙanƙara na iya riƙe shi. A watan Yunin 2013 gobara ta tashi a wata masana'antar kaji a Dehui, lardin Jilin na ƙasar Sin, bututan amoniya suka fashe, mutum 121 suka mutu. Abin da ya yawaita gawa shi ne an kulle yawancin ƙofofi. A nan ma ba baƙon abu ba ne a sa wa ƙofar baya kwaɗo don gudun satar kaya, ko a jera falet (katakon da ake jibge kaya a kai) a gabanta lokacin cunkoson azumi. In ka ga haka, ka yi magana.

Ka ɗaga kai ka nemi tutar iska, wannan dogon buhu mai launin ruwan lemo da ke kan rufi. Iskar Jidda galibi daga arewa ko arewa maso yamma take, amma ba kullum ba, shi ya sa ake son wurin taruwa biyu a ɓangarori daban. Ka san inda famfon wanke ido da shawar gaggawa suke. Ka san ɗakin injina, don ka san inda ba naka ba ne. Bututan amoniya suna da alama, galibi ruwan lemo, tsofaffin wurare kuma rawaya, da kibiya mai nuna inda take tafiya.

Maganar shawa, akwai abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba amma mu ya dame mu. Ruwan da ya wuni a bututu ko tanki a rana a watan Yuli, tafasasshe ne. Ƙa'ida ta ce ruwan wanke ido ya kasance tsakanin digiri 16 da 38. Ba wanda zai iya tsayawa minti 15 ƙarƙashin ruwan zafi da ido a buɗe. A riƙa sakin ruwan kowane mako, a ji zafinsa da hannu, da azahar ba da asuba ba. In yana ƙuna, a rufe bututun daga rana ko a sauya masa hanya.

Mataki na huɗu: direban fokilif

Gajeren mataki ne amma naka ne kai kaɗai. Fankokin sanyi na rataye a sama da bututansu, kai kuma kana ɗaga falet mita shida ko bakwai kana kallon inda za ka saka shi. Kada ka yi tafiya da ƙahon fokilif a sama. Kada ka jera kaya har ya taɓa bututu. In ka bugi wani abu, ko da ba ka ji wari ba, ka tsaya ka faɗa, don tsagewar yau tana iya buɗewa jibi a kan wani. Masu wuri kuma aikinsu ne su kafa shingen ƙarfe a duk inda mota ke iya kaiwa ga bututu ko bawul.

Mataki na biyar: masu taɓa inji

A nan za mu daɗe, don mafi yawan manyan haɗurra daga nan suke tasowa.

Zubar da mai shi ne aikin da ya fi raunata bakanikai. Man kwamfuresa yana bin amoniya ya taru a ƙasan tukwane, sai an riƙa tsiyaye shi. Man sanyi yana da kauri, wani lokaci ya toshe bakin, mutum ya ƙara buɗe bawul, ya ƙara, sai toshiyar ta ɓalle, ruwan amoniya ya biyo baya a fuskarsa. Don haka ake sa bawul mai sifirin, wanda da ka saki hannu yake rufe kansa. Kada a ɗaure shi da waya don hannu ya huta. Kada a bar wurin ana tsiyaya. Kada mutum ɗaya ya yi shi, kuma ba a yi sai da takunkumin da ya rufe fuska duka, da safar roba mai tsawo, da rigar kariya.

Takunkumi kala-kala ne. Na ƙura, irin wanda muka saba da shi lokacin korona, ba ya tare komai a nan. Mai gwangwanin tace amoniya koren launi ne, a na Turai da harafin K, kuma iyakarsa ƙasa da 300, inda aka san adadin. Sama da haka, ko inda ba a san adadin ba, sai mai tulun iska a baya, kuma sai wanda aka horar. Gemu yana hana takunkumi kama fuska. Wannan magana ce mai nauyi a wurinmu, na sani, amma gaskiyar ke nan: mai cikakken gemu ko dai a nema masa irin mai hular da ke rufe kai duka, ko a ba shi wani aikin ban da shiga cikin hazo.

Kafin a buɗe kowane bututu, a zuƙe amoniyar da ke ciki, a rufe bawuloli, kowa ya sa kwaɗonsa da sunansa, a kashe wutar injin a sa mata kwaɗo ita ma. Geji, wato agogon auna matsi, ya nuna sifili ba hujja ba ce, geji na maƙalewa, ruwa kuma na iya kwanciya ƙarƙashin mai. A sassauta ƙusoshi a hankali, daga ɓangaren da ba ya kallon fuskarka. Walda kuwa sai da takardar izini, an wanke bututun, an auna iskar wurin.

Kada ka taɓa kulle ruwan amoniya tsakanin bawul biyu. Ruwa in ya ji zafi kumbura yake, ba shi kuma da inda zai matsu. Bututun da aka rufe da daddare yana da sanyi, rana ta fito ta buge shi a kan rufi, sai ya tsage. Haka ma tulu ko tanki, ba a cika shi fal. A Dakar, a watan Maris na 1992, tankin amoniya da aka cika fiye da kima ya fashe a masana'antar man gyaɗa, mutum 129 suka rasu, sama da 1,000 suka jikkata. Ba tallaja ba ce, amma amoniyar ɗaya ce.

Jan ƙarfe, da tagulla, da tutiya, amoniya cinye su take. Mai gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da ya saba da bututun jan ƙarfe kada ya kawo kayansa nan, ko da geji ne ko ɗan mahaɗi.

Sai tsatsa. Bututun sanyi a naɗe yake da abin tare zafi, to duk inda naɗin ya yage, laimar Bahar Maliya da gishirinta na shiga su kwanta a kan ƙarfe, suna ci a ɓoye shekara da shekaru. Daga waje lafiya lau. Alamarsa ita ce ƙanƙara ko ɗigon ruwa a inda bai kamata ba, ko naɗi ya kumbura, ko jan ruwa na bin bututu. A buɗe a duba, a auna kaurin ƙarfen. Bawulolin da ke sakin matsi in ya yi yawa kuma ana sauya su ko a sake gwada su duk shekara 5, ranar na rubuce a jikinsu. Bakin bututun da suke fitarwa ya kasance can sama, nesa da tagogi da inda mukayyif ke jan iska.

Yanzu ga wanda ya fi kama da halinmu na gaggawa. Fankokin sanyi suna tara ƙanƙara, ana narkar da ita ta hanyar tura musu tururin amoniya mai zafi. Aiki ne mai jeri: a tsayar da ruwa, a zuƙe ragowar, a saki zafi a hankali, a sauke matsi a hankali, sannan a dawo da sanyi. In aka tsallake ɗaya, tururi mai zafi ya haɗu da ruwa mai sanyi a bututu ɗaya, sai ruwan ya harba kamar harsashi ya daki gwiwar bututu ko murfinsa. A watan Agustan 2010, a rumbun sanyi na kamfanin Millard da ke Theodore a jihar Alabama, wuta ta ɗauke sama da awa 7. Da ta dawo, wani ma'aikaci ya share ƙararrawa da hannu a kwamfuta, abin da ya katse narkar da ƙanƙarar da ke tsakiya. Bututu mai faɗin inci 12 ya fashe a kan rufi, fiye da tan 14 na amoniya suka fita, hazon ya tsallaka ruwa ya sami mutanen da ke wani aikin daban, sama da 30 aka kwantar a asibiti. Kaji ake loda wa jiragen ruwa a ranar, irin aikinmu sak. A Shanghai ma, ƙarshen Agustan 2013, murfin bututu ya ɓalle a wani rumbun sanyi, mutum 15 suka mutu.

Don haka in wuta ta ɗauke ta dawo, ko janareta ya karɓa, ba a tayar da komai lokaci guda. Muhandis ya duba kowace fanka a wane mataki ta tsaya. Mudir, wato manaja, zai tsaya a kanka yana kallon ma'aunin sanyi na hawa, yana lissafin riyal ɗin da ke narkewa, musamman gab da azumi ko aikin Hajji da ɗakuna ke cike maƙil. Ɗakin da ke rufe, cike da daskararren kaya, ba ya narkewa cikin rabin awa. A rufe ƙofofi, a bi jeri. In ka ji bututu na bugawa kamar ana dukansa da guduma, ko yana girgiza, ba ƙarar da aka saba ba ce, gargaɗi ne, a rubuta a binciko dalili. Kuma lambar sirrin kwamfutar injina kada ta zama abin da kowa ya haddace.

Mataki na shida: ranar da ta fita

Ka ji ƙararrawa, ko zarni ya buge ka har ido ya kawo ruwa, ko ka hango farin hazo. Ajiye abin da ke hannunka. Ba a komawa ɗaukar jawwal, wato wayar hannu, ko iƙama, ko takalmi. Ka yi ihu da duk yaren da ya zo bakinka, don a rumbu ɗaya akwai ɗan Bangaladash, da ɗan Indiya, da ɗan Filifin, da Basudane, da Bayamane. Ka kashe fokilif inda yake, kada ka bar shi a bakin ƙofa. Ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

In ka fito, kalli tuta. Kada ka bi inda iska ke tafiya, hazon zai bi ka, kuma ya fi ka sauri. Ka yanke ta gefe har ka fita daga hanyarsa, sannan ka nufi inda iskar ke fitowa. Tsumma jiƙaƙƙe a hanci yana ɗan taimakawa na 'yan daƙiƙu a kan hanyar fita, amma ba takunkumi ba ne. In hazo ya tare tsakaninka da waje kana ofis ko masallacin ma'aikata, wani lokaci zama ciki ya fi: a rufe ƙofa da taga, a kashe mukayyif da fankar jan iska, a cusa jiƙaƙƙen tawul a ƙasan ƙofa, a buga waya a faɗi inda kuke.

A wurin taruwa a ƙirga mutane da takardar aikin ranar, har da direbobin tireloli da ke barci a mota suna jiran layi, da 'yan kwangila, da mai gadi. Su aka fi mantawa da su. A kira Difa'ul Madani ('yan kwana-kwana) a 998, Hilalul Ahmar (motar asibiti) a 997, a yankin Makka kuma har da Jidda 911 na haɗa su duka. Ka ce nushadir ce, ka faɗi sunan unguwa da lambar rumbu, da mutum nawa ba a gani ba, da inda iska ke kaɗawa don su san ta inda za su shigo. A sanar da maƙwabtan rumbuna da ke ƙarƙashin iska.

Abu mafi wuya: ɗan'uwanka ya faɗi a ciki, kana hango shi. Zuciya za ta ce ka ja numfashi ka ruga. Amoniya mai yawa tana rufe ido da ƙarfi, ba da son ranka ba, ta sa ka tari, tarin ya sa ka shaƙa. Sai a samu mutum biyu a ƙasa. Masu tulun iska ne ke shiga, su biyu, wasu biyu na jiran su a waje. Taimakon da za ka yi masa shi ne ka faɗi daidai inda yake.

Masu inji kuma, akwai maɓallin tsayar da komai a wajen ƙofar ɗakin injina. In yoyo babba ne, a danna shi, kada a tsaya yawon neman bawul cikin hazo. Kuma kada kowa ya ɗauko tiyo ya fesa wa kwantaccen ruwan amoniya ruwa, tafasa zai yi ya ninka tururin. Feshin ruwa a iska don kwantar da hazo aikin 'yan kwana-kwana ne. Ruwan da aka yi wannan aiki da shi ma guba ne, ba a sakin sa a magudana.

Mataki na bakwai: ruwa, ruwa, ruwa

Wanda ta taɓa, a fitar da shi iska mai kyau, a sa shi ƙarƙashin ruwa mai gudu. Minti 15 ne mafi ƙaranci, ido kuma a ci gaba har motar asibiti ta zo. Zai matse idon, dole wani ya buɗe masa da yatsu, ruwan na gangarowa daga gefen hanci zuwa waje. In yana da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, a cire. In ruwan amoniya ne ya jiƙa riga, tana iya daskarewa ta manne da fata, to a fara zuba ruwa ta saki, sannan a cire, in ba haka ba da fatar za ta taho. Mai taimako ya sa safar hannu.

Kada a shafa man shanu, ko Vaseline, ko man goge baki, ko zuma, ko ƙwai. Duk abin da muka gada na maganin ƙuna a gida, a nan rufe sinadarin yake ya ci gaba da ci. Kada a zuba lemon tsami ko khal (binega) wai don a kashe kaifin. Ruwa kawai. Kuma ba a ba shi madara ya sha wai ta wanke ƙirji, huhu ba ciki ba ne.

Wanda ya shaƙa sosai, ko da ya miƙe ya ce ya warke, a kai shi asibiti. Huhu na iya tara ruwa bayan awoyi, mutum ya koma ɗaki ya kwanta cikin dare numfashi ya gagara. Dashewar murya, tari mai ƙara, ko shaƙewa, alamu ne na maƙogwaro na kumbura, a zaunar da shi, kada a kwantar da shi rigingine. Mai asma ya fi kowa saurin faɗuwa. Mai azumi kuma kada ya ƙi ruwan wanke ido da baki don tsoron karyewar azumi, wannan lalura ce. A tabbata an rubuta abin a matsayin raunin wurin aiki, don inshorar haɗarin sana'a ta GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, ta shafi baƙon ma'aikaci da ke da rajista, kuma sanarwar tana da wa'adi.

Bayan hazo ya wuce

Ba a komawa ciki sai an auna da na'ura, ba da hanci ba, don hancin kowa ya riga ya gaji. Masu shara kada su kawo Clorox, wato bilic, su wanke wurin da amoniya ta zuba, haɗuwarsu na haifar da wata iskar mai guba. Kayan abinci kuma a killace su. Kwali da leda ba sa hana ta shiga, nama da ƙanƙarar jikinsa na shanye ta. A 2002 ɗalibai da malamai a jihar Illinois ta Amurka sun kamu da amai da ciwon ciki bayan cin kajin da amoniya ta taɓa a rumbu. Ba mudir ne zai shinshina kwali ya ce a fitar ba, sai an gwada, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ce ke da ta cewa a kan abin da zai shiga kasuwa. Kai ma in an ce za a zubar da kaya, kada ka ɗebi kaza ka kai unguwar Karantina ko Sabil wai a wanke a dafa.

Atisaye kuma a yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara, da rana da kuma da daddare, don masu aikin dare su ne ba sa ganin horo, kuma a lokacinsu ne muhandis ke gida. A wurin da nake yanzu, atisayen dare na farko da muka yi ya nuna mana cewa ba a jin ƙararrawa a ɗaki na ƙarshe in fankoki na aiki, kuma mutum biyu da hular sanyi a kunne suka ci gaba da jera kwali har aka gama ƙirga. Mako na gaba aka sa fitila mai walƙiya a kowane ɗaki.